Ku Tambaya Mu Amsa: Baƙin tabon da ya tsayar da katafila kwana uku

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk gefe ɗaya suka karkata, wato kayan mutanen da can da ake cin karo da su idan ana aikin hanya ko dam ko shimfiɗa bututu a karkara, da kuma masanan nan da ake ajiyewa a bakin aiki suna sa ido. Wanda ya taso da zancen wani direban katafila ne kuma da fushinsa ya zo, don haka shi za mu fara sallama.

TAMBAYA: Slm Malam. Ni direban katafila ne, mai haƙa ɗin nan, na daɗe a sana'ar. Yanzu muna aikin wata hanya a karkara sai kamfani ya haɗa ni da wata mata wai masaniyar kayan tarihi ce, tun safe har yamma tana tsaye gefen bokitina da hular kwano tana kallon ƙasa kamar wadda allurarta ta faɗi. Da farko ta sa an cire min bokitina an sa marar haƙori, sannan ta ce in riƙa yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, rannan kuma ta ɗaga hannu ta tsayar da ni saboda wani baƙin tabo a ƙasa, wallahi Malam tabo ne kawai, ba tukunya ba gunki ba komai. Kwana uku wajen na killace da igiya. Abin da suka fitar na gani da idona, gawayi ne da tsingaro da wasu 'yan duwatsu, amma sai murna suke kamar an yi musu haihuwa. Don Allah meye amfanin wannan abin? Daga direban katafila.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Na fahimci haushinka, mutumin da ya saba cika tifa bayan tifa kafin azahar a ce ya koma feraye ƙasa a hankali dole ransa ya sosu. Amma bari in gaya maka abin da ƙila ita ba ta samu sukunin yi maka bayani ba, wannan tabon da ka raina shi ta zo nema, tsingaron ma rakiya ya yi.

Ka fi ni sanin ƙasa hawa-hawa take. Ta sama, kamar santimita 30 ko kusa da haka, garma ta sha juya ta, duk abin da ke cikinta ya cakuɗe. Ƙarƙashinta kuma akwai ƙasar asali mai launi ɗaya wadda hannu bai taɓa ba. To duk ranar da wani ɗan Adam ya haƙa rami ya shiga cikin wannan ƙasar asalin, ko ramin dirka ne ko na shara ko na ajiyar hatsi ko kabari, wajen ba ya sake komawa yadda yake har abada, domin abin da zai cike ramin ƙasar sama ce da toka da ruɓaɓɓen itace, sai ya fi kewayensa duhu da laushi. Dirkar ta ruɓe, mai ɗakin ya mutu, jikokin jikokinsa sun mutu, har sunan garin an manta, amma gurbin dirkar na nan yana jiran bokitinka. Idan ka ga irin waɗannan tabban takwas ko goma sun yi kewaye to ɗaki kake kallo, wani lokacin har inda ƙofa take da inda murhu yake ana ganewa.

Dalilin canza maka bokiti ke nan. Mai haƙori yagar ƙasa yake ya bar ta kaca-kaca, tabo ya ɓace a ciki, marar haƙori kuwa shafe ta yake sumul kamar an yi daɓe, kowane canjin launi ya fito fili. Kuma in faɗa maka gaskiya, masu wannan aikin ba su da abokin da ya fi direba mai hannu, wanda zai iya ɗauke ƙasa kaurin yatsa biyu ya tsaya cak. In har ta bar ka kai kake yi mata yankan to ta yarda da hannunka ne, ko ba ta faɗa ba.

Kwana ukun nan kuma ga abin da suka yi da su. Tabon sukan raba shi biyu, su kwashe rabi da cokalin magini su bar rabi a tsaye don su ga yadda ramin ya cika, lokaci ɗaya aka binne shi ko a hankali ruwa da iska suka cike shi. A ɗauki hoto, a zana, a auna zurfi, a ba kowane hawa na ƙasa lambarsa, duk tsingaron da ya fito a sa shi a leda da lambar hawan da ya fito. Ita ƙasar kanta ana ɗura ta a buhu a kai ta a zuba a ruwa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi da gawayi su taso sama a tace, da su ake sanin abin da mutanen suka noma da itacen da suka ƙona. Su duwatsun da ka gani, in ka samu dama ka roƙe ta ta nuna maka ɗaya a tafin hannu, dutsen da mutum ya fasa da gangan yana da ɗan ƙullutu daidai inda aka buge shi da wasu layuka kamar na ruwan da aka jefa wa tsakuwa, wanda ya fashe don kansa ba shi da wannan.

Ka ce meye amfanin. A 2002 a Ingila, wajen wani gari Amesbury kamar kilomita 5 daga Stonehenge, wurin nan da mutanen da suka kakkafa manyan duwatsu a kewaye, ana duba fili kafin a gina makaranta da gidaje sai aka ci karo da kabarin wani mutum da aka binne kusan shekara 2,300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kaya kusan 100 tare da shi, ciki har da kawunan kibiya 16 na dutse, wuƙaƙen tagulla 3, tukwane 5 da 'yan kayan ado biyu na zinare. Da aka gwada haƙoransa sai aka gano ba a nan ya tashi ba, daga wajen tsaunukan Alps na tsakiyar Turai ya zo, wato tun wancan zamanin mutum na ƙetare teku ya yi irin wannan doguwar tafiya. Shi ma kabarin nan tabo ne kawai kafin a buɗe shi. Nan kusa kuma, lokacin da aka shimfiɗa bututun mai daga Chadi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, tsawon kilomita 1,070, masanan da suka bi katafiloli sun rubuta wurare fiye da 400, a dazukan da babu jami'ar da ke da kuɗin zuwa ta haƙa. Ku direbobi ku ne kuke buɗe musu ƙasar da ba za su taɓa iya buɗewa da cebur ba.

TAMBAYA: Malam ni ƙaramin ɗan kwangila ne, abin da ke damuna shi ne in yarana suka ci karo da irin wannan abu na kai rahoto, ba shi ke nan an ƙwace wajen aiki ya tsaya ba? Kuma wa zai biya kuɗin kwanakin da injina suka yi a tsaye? Daga wani ɗan kwangila.

AMSA: Alhaji, tambayarka ita ce wadda kowa ke yi a zuci, kuma ita ce ke sa da yawa su ce wa direba danne ka wuce. Doka dai ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Turai sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda zai lalata wajen shi zai biya kuɗin bincikensa, Ingila ta fara bin wannan tsarin a 1990, a 1992 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniya a Valletta babban birnin Malta, Faransa kuma ta kafa hukuma sukutum a 2002 mai suna Inrap don wannan aikin kaɗai. Bankin Duniya ma idan zai ba da rancen aiki yakan sa sharaɗin a rubuta tun farko matakin da za a bi in an ci karo da kayan tarihi ba zato. Ma'ana kuɗin yana cikin lissafin aiki tun kafin a sa hannu, kamar kuɗin gwajin ƙasa da na safiyo, kuma shawarata gare ka ke nan, ka duba takardar kwangilarka ka ga ko akwai wannan sharaɗin, in babu ka nemi a sa, don kada ranar da abin ya faru ya zama kai kaɗai za ka ɗauki asarar.

Maganar ƙwace waje kuwa ba kasafai take faruwa ba. Galibi abin da ake yi shi ne a killace ɗan wajen, injina su ci gaba da aiki a gaba, masana su haƙa su rubuta su kwashe, a sallama maka wajen ka zuba kwaltarka. Sai abu ya yi girma ƙwarai ake karkatar da hanya ko a lulluɓe shi a yi gini a sama ba tare da an taɓa shi ba. Su kansu masanan sun san hanya za ta wuce, rige-rige suke da ita. Kayan da aka samu kuma a ƙasashe da yawa, irin su Masar da Italiya da Girka, na gwamnati ne ko a gonar wa aka same su, a Najeriya ma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana haƙa ba izini da fitar da su waje ba izini. Wanda ya ɓoye aka gano daga baya shi ne aikinsa ke tsayawa da gaske.

TAMBAYA: Ina yini Malam. Ni ɗaliba ce, ina jin ana cewa abu kaza na zamanin kafin tarihi ne, to akwai lokacin da babu tarihi ne? Sannan ta yaya ake kallon gawayi a ce shekararsa 3,000, ba ƙiyasi ba ne kawai? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kin yi tambaya mai kyau kuma ni ma kalmar ba ta gamsar da ni ba. Abin da suke nufi shi ne zamanin da mutanen wani waje ba su bar rubutu ba, ba wai ba su da labari ba. Kuma ba rana ɗaya ya ƙare a duniya ba, a Iraƙi ta yanzu an fara rubutu kusan shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Birtaniya kuwa sai da Rumawa suka ci ta a shekara ta 43 Miladiyya ake cewa zamanin ya ƙare. Shi ya sa sojojin yumɓun nan na Sin da manoma masu haƙa rijiya suka gano a 1974 kusa da Xi'an, duk da sun haura shekara 2,000, ba a sa su a wannan sahun, don an san sarkin da aka yi wa su a rubuce.

Gawayi kuma ba da ido ake yi ba. Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani nau'in sinadari da ake kira kabon-14 muddin yana raye, ranar da ya mutu ya daina ɗauka, wanda ke jikinsa ya fara raguwa da ƙa'ida, duk shekara 5,730 rabi ya tafi. Sai a auna abin da ya rage a yi lissafi. Wani Ba'amurke Willard Libby ne ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, har ya samu kyautar Nobel a kanta a 1960. Tana aiki zuwa kamar shekara 50,000, bayan nan abin da ya rage ya yi kaɗan. Amsar ma ba a ba da ita a ce shekara kaza cif, tsakani ake bayarwa, daga kaza zuwa kaza.

Amma akwai tarko, kuma nan ne wayon masu aikin yake. Gawayi yana faɗa miki lokacin da itacen ya daina girma ne, bai san ranar da aka hura wutar ba, in tsohuwar bishiya ce mai shekara ɗari uku aka ƙona sai ya ƙara wa murhun shekarun da ba nasa ba. Don haka sun fi son ƙonanniyar ƙwayar hatsi guda ɗaya, wadda a damina ɗaya ta tsiro ta mutu, kuma injinan yanzu ƙwaya ɗaya ta ishe su. Dutse shi ba a iya yi masa wannan gwajin sam, ana sanin shekarunsa ne ta abin da aka same shi kwance tare da shi a hawa ɗaya. Akwai wata hanyar ta auna yaushe rabon ƙwayar yashi da ganin rana, ita kuma dole a ɗebi ƙasar cikin bututu a toshe kada haske ya taɓa ta.

TAMBAYA: Muna haƙa kwalbati na tsinci wani dutse sumul mai baki kamar gatari, abokan aikina suka ce gatarin aradu ne daga sama ya faɗo. Haka ne? Daga wani lebura.

AMSA: Ɗan'uwa gatari ne kam, amma hannun mutum ne ya wasa shi, ya goga shi a kan wani dutsen har ya yi wannan santsin, ya ɗaura masa ƙota ya sare daji da shi kafin a san ƙarfe. Abin mamakin shi ne Turawa ma ɗaruruwan shekaru suna kiran irinsa dutsen tsawa, haka a sassan Asiya, kowa ya ga ana tsintarsu bayan ruwan sama ya wanke ƙasa sai ya ɗora wa aradu. Ka tuna daidai inda ka ɗauke shi da zurfin wajen, ka gaya wa mai kula da aikinku.

TAMBAYA: Malam in ƙasusuwan mutum ne suka fito fa? Ni gaskiya abin na tayar min da hankali, ba tonon asirin matattu ba ne wannan? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya hankalinki ya tashi a inda ya dace. Abu na farko in ƙashi ya fito shi ne a kashe inji, kada a taɓa kada a kwashe, a rufe shi da tamfol, a kira 'yan sanda, domin ba mai iya cewa da ido na shekara dubu uku ne ko na shekara uku, kuma in na kwanan nan ne magana ta zama ta bincike. Sai an tabbatar tsoho ne masana ke shiga, a Ingila ma sai da lasisin ma'aikatar shari'a suke ɗaga shi.

Ki kuma lura ba su ne suka je neman kabarin ba, hanya ce ta zo kansa, zaɓin da ya rage shi ne a ɗaga shi da hannu gaɓa-gaɓa ko bokiti ya watsa shi cikin tifa. An taɓa yin na biyun. A 1856 a kwarin Neander na Jamus masu fasa dutse suka ci karo da ƙasusuwa a wani kogo, suka ɗauka na dabba ne suka sheƙar da cebur, 'yan kaɗan aka tsince, kuma waɗannan ne aka sa wa mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen da da ya ƙare, suna da su. Sai a 1997 da 2000 wasu masana suka gano inda aka zubar da ƙasar kogon, suka tace ta, suka samu gutsattsarin da suka dace daram da ƙasusuwan farko, bayan shekara 140 da ɗoriya, amma yadda mutumin yake kwance da abin da ke gefensa ya tafi ke nan. Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne bai kamata a gama gwaji a bar mutum a kwali a sito ba in akwai masu cewa nasu ne. Amurka ta yi doka a 1990 kan mayar wa 'yan asalin ƙasar ƙasusuwan kakanninsu, kuma wani da aka samu a garin Kennewick na ƙasar a 1996 mai kusan shekara 8,500 an mayar musu sun binne shi a 2017, bayan doguwar shari'a.

TAMBAYA: Malam ni nawa ya riga ya faru. Ina haƙa fandisho a gona na ci karo da wata tukunya a kife da wani kan mutum-mutumi na yumɓu a gefenta, na ciro su, na zubar da baƙar ƙasar da ke cikin tukunyar don ina zaton ko akwai wani abu, ba komai, na wanke su tas da sabulu. Yanzu wani ya ce zai saya. Na yi laifi ne? Daga wani manomi.

AMSA: Kai ɗan'uwa, da na kai wajen sabulun nan sai da na dafe kai. Ba zan ce ka yi laifi ba tunda ba ka sani ba, amma baƙar ƙasar nan da ka zubar ita ce wani abun da kake nema, a cikinta ake samun ƙwayar da za a gwada shekaru da ita, jikin tukunyar kuma yakan riƙe maiƙon abin da aka dafa a ciki shekaru dubbai, sabulu ya tafi da wani ya gurɓata wani.

Irin wannan ne ya sami kayan Nok, mutum-mutumin yumɓun nan da aka fara samu a ƙauyen Nok na jihar Kaduna. Tun 1928 masu haƙar kuza suke fito da su, a 1943 aka kai wa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kai da wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi, daga nan duniya ta san su, daga baya kuma masu haƙar sata suka bi wuraren suka rarake, har ya zama yawancin waɗanda ke hannun masu tarawa a ƙasashen waje ba wanda ya san ramin da suka fito balle abin da ke kwance tare da su. Ga su nan kyawawa a cikin gilashi amma bebaye ne, ka tambaye su wa ya yi ku, don me aka binne ku, shiru. Ka kwatanta da makiyayin nan na Dufuna a jihar Yobe da yake haƙa rijiya a 1987 ya ji ya bugi itace a zurfin kusan mita 5, ya tsaya ya kai magana gaba, masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka zo suka buɗe a tsanake, ashe kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, shekararsa kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da ya faskara shi ya ci gaba da rijiyarsa da babu mai jin labarin.

Kada ka sayar, mai sayen nan ya san abin da yake yi kuma ranar da aka kama kayan sunanka zai fara kira. Kada ka ƙara wanke su, kada ka manna abin da ya fashe da gam, ka naɗe kowanne daban a tsumma mai tsabta ka ajiye inda ba danshi. Ramin kuma ka dakata da shi haka nan, kada ka zurfafa don ganin ko akwai saura, ka ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe da cebur a ciki don a gane zurfin, in ka tuna inda ka watsa baƙar ƙasar ka kife mata kwano ko ka rufe da leda kafin ruwa ya sauka. Sannan ka nemi gidan tarihi mafi kusa da kai ko sashen ilimin kufai na wata jami'a, ka gaya musu komai yadda ka gaya min, har da sabulun, don su san abin da za su gwada da abin da ba za su ɓata kuɗi a kansa ba.